Likita ma yana ciwo: wa zai riƙe masa rumfa?

Ƴan uwa masu karatu, musamman iyayenmu mata da ƴan kasuwa, a wannan mako za mu taɓo wata magana wadda ba kasafai ake yin ta a fili ba, ko a cikin asibiti ko a wajensa. Maganar ita ce ta ƙananan likitoci masu neman ƙwarewa, waɗanda za su tashi da masassara ko mura ko gudawa, su haɗiye ƙwayar farasitamol biyu, su sa farar riga, su shiga ɗakin jarirai ko na yara masu tamowa su kama aiki kamar ba abin da ke damunsu. Wasu na ganin wannan jarumtaka ce da tausayin talaka. Wasu kuma na cewa ganganci ne da rayukan bayin Allah. Tun da mu ne ke kai ƴaƴanmu da iyayenmu hannunsu, mun ga ya dace mu baje maganar a faifai, kowa ya duba.

Su wane ne waɗannan likitoci?

Idan yaro ya gama karatun likita, wanda ke cin shekara bakwai ko fiye, ba shi ke nan ya zama gwani ba. In yana son ya zama likitan yara, ko na mata, ko mai fiɗa, sai ya ƙara wasu shekaru huɗu ko biyar yana aiki a babban asibiti ƙarƙashin manyan malamai. A asibitocinmu ana kiran irin waɗannan da sunayen faransanci, wato «interne» da «résident». Kalmar ta biyu ma'anarta mazauni, don kuwa a asibitin Johns Hopkins na ƙasar Amurka, inda aka kafa wannan tsari bayan buɗe shi a 1889, a cikin asibitin suke kwana suke tashi, ba su da wani gida sai nan.

A nan Nijar, jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ce ta fara horar da likitoci, daga baya jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta Maraɗi da ta André Salifou ta Damagaram suka buɗe nasu sassan. Ɗalibai da masu neman ƙwarewa suna yin aikin koyo a manyan asibitoci kamar babban asibitin ƙasa na Yamai, da na Lamorde, da gidan haihuwa na Issaka Gazobi, da manyan asibitocin Damagaram da Maraɗi. Duk wadda ta taɓa jinyar ɗa a irin waɗannan wurare ta san cewa in dare ya tsala, jikin yaro ya rikice, mafi yawan lokaci wani matashi ko matashiya ce za ta fara zuwa bakin gado. Su ne masu aikin kwana, su ne masu zagayen safe, su ne masu rubuta takardar magani. A yaren kasuwa sai mu ce su ne yaran shago: maigida yana da suna, amma su ne ke buɗewa su rufe.

Abin da bincike ya gano

Inda aka fi bin diddigin wannan al'amari da ƙididdiga shi ne ƙasar Amurka, don haka can za mu leƙa tukuna. A shekarar 2010, wata babbar mujallar likitoci mai suna JAMA ta buga sakamakon tambayoyin da Dokta Anupam Jena da abokan aikinsa suka yi wa likitoci masu neman ƙwarewa 537 a asibitoci 12. Kusan kashi 58 cikin 100 sun ce sun zo aiki ba su da lafiya aƙalla sau ɗaya a shekarar da ta gabata, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma sun ce fiye da sau ɗaya. Fiye da rabinsu sun ce ba su da lokacin da su kansu za su je ganin likita.

A 2012 Dokta Jena da jama'arsa sun buga sakamakon tambayar da suka yi wa wasu 150. Rabinsu sun ce sun yi aiki da alamomin mura mai tsanani, irin mai zuwa da masassara da ciwon gaɓoɓi. Da aka ce musu me ya sa, amsoshi biyu ne suka fi yawa: nauyin abokan aiki, da nauyin marasa lafiya da ke hannunsu.

A 2015 kuma aka buga wani binciken da aka yi a asibitin yara na birnin Filadelfiya, wannan karon a kan manyan likitoci da manyan ma'aikatan jinya fiye da 500. Kashi 95 cikin 100 sun yarda cewa zuwa aiki da ciwo yana jefa marasa lafiya cikin haɗari. Amma duk da haka kashi 83 cikin 100 sun ce sun aikata hakan a cikin shekara. Akwai masu cewa za su zo ko suna gudawa, akwai masu cewa ko da masassara. Kusan dukansu sun kawo hujja ɗaya: ba su son su bar wa ƴan uwansu wahala.

To, jama'a, a lura da abu biyu a nan. Na farko, ba rashin sani ba ne, sun san illar sarai. Na biyu, ƙananan daga manyan suka gani. In yaron shago ya ga maigida yana zuwa da masassara, shi wane ne da zai ce mura ta kwantar da shi?

Me ke hana su kwanciya?

Mu ƴan kasuwa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mai tuwo-tuwo ta san in ta kwanta yau, gobe babu kuɗin cefane, masu sayenta kuma su koma wajen maƙwabciya. Mai rumfa a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram in ba shi da amintaccen yaro, ko kansa na sarawa sai ya fito. Ƙaramin likita shi ma yana da irin nasa lissafi.

Na ɗaya, babu mai riƙe masa. An riga an raba kwanakin aikin kwana na wata, kowa da ranarsa. In ya ce ba shi zuwa, wanda ya kwana jiya ne zai sake kwana yau, ko kuma mutum ɗaya ya riƙe ɗakuna biyu.

Na biyu, shi ɗalibi ne. Malaman da ke ganin zuwansa da rashin zuwansa su ne za su ba shi maki, su ne za su sa hannu a takardarsa. Yana tsoron a ce masa rago, ko a ce ya ƙirƙiro ciwo don gudun aiki.

Na uku, tarbiyyar aikin ce haka tun asali. An daɗe ana koya wa likitoci cewa gwani ba ya gajiya, ba ya ƙorafi. A birnin New York sai da wata yarinya mai shekara 18, Libby Zion, ta rasu a asibiti a 1984 a hannun ƙananan likitoci masu aiki mai yawa, mahaifinta ya tayar da ƙura, sannan jihar ta kafa doka a 1989 ta taƙaita aikinsu zuwa awa 80 a mako. A 2003 aka shimfiɗa wannan ƙa'ida a duk faɗin Amurka. Awa 80 fa, wato ninki biyu na makon ma'aikacin gwamnati, shi ne ake kira ragi. Kuma binciken 2010 da muka ambata bayan wannan gyara aka yi shi, abin da ke nuna cewa rage awoyi kaɗai bai sa mara lafiya ya kwanta ba.

Na huɗu kuma, akwai tausayi na gaskiya. Likitan da ya kwana uku yana fama da yaro ya san abin da ke damunsa fiye da wanda zai karanta takarda kawai. Yana jin in ya tafi ya ci amana.

Wa ke biyan kuɗin?

Murar da za ta sa ƙato ya yi kwana uku yana atishawa, ita ce za ta iya toshe numfashin bakwaini da ke cikin kwalba. Gudawar da babba zai sha ruwan gishiri da sukari ya miƙe, ita ce za ta iya ƙarasa yaron da tamowa ta riga ta cinye. Haka abin yake ga mai ciwon daji da ke shan magani mai ƙarfi, da mai wankin ƙoda, da mai ɗauke da sida wanda garkuwar jikinsa ta yi ƙasa, da yara masu amosanin jini wato emasi, da tsofaffi, da mai jego da aka yi wa fiɗa. Asibiti wuri ne da aka tara marasa ƙarfi a ɗaki guda, kuma likita yana taɓa wannan ya wuce ya taɓa wancan, mutum talatin ko arba'in kafin azahar.

Ga misalai biyu da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta rubuta. A 2004, a wani asibiti na jihar Texas, wata ma'aikaciyar ɗakin jarirai ta yi makonni tana aiki tana tari. Ashe tarin shiƙa ne. A cikin jarirai 113 da ta kula da su, 11 suka kamu, aka kwantar da 9, wasu har ɗakin masu rai a hannun Allah. Ga babba tarin shiƙa kan zo kamar tari na yau da kullum mai naci, amma jariri sabuwar haihuwa yana iya ɗauke numfashi gaba ɗaya. Kuma iyaye mata sun san allurar rigakafinsa ba ta farawa sai jariri ya kai mako 6, sannan mako 10 da mako 14. Kafin nan ba shi da wani abin kariya sai lafiyar masu ɗaukarsa.

Na biyu, a 2003 a birnin New York, an gano tarin fuka a jikin wata ma'aikaciyar jinya da ke aiki a ɗakin haihuwa da na jarirai. Sai da aka shiga neman mutane wajen 1,500 da suka ratsa ɗakunan, cikinsu har da jarirai fiye da 600, don a auna su, aka kuma samu wasu jariran da ƙwayar ta shiga jikinsu. Waɗannan mata biyu ba likitoci masu neman ƙwarewa ba ne, amma cuta ba ta duba takardar shaida. Duk wanda ke tsaye bakin gado hanyar ɗaya ce.

Darasin ma tsoho ne. A 1847, a birnin Viyana na ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Semmelweis ya lura cewa masu jego sun fi mutuwa a ɓangaren da likitoci da ɗalibai ke karɓar haihuwa fiye da ɓangaren ungozomomi. Ya gano cewa daga ɗakin gawa suke fitowa su shiga ɗakin haihuwa da hannuwansu. Ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin, mace-macen da suka kai kashi 18 cikin 100 a watan Afrilu suka sauko zuwa wajen kashi 2 cikin ƴan watanni. Manyan likitocin zamanin da yawa sun ƙi yarda da shi, don abin ya yi musu nauyi a ce mai magani shi ne mai kawo cuta.

Ban da yaɗa cuta, akwai wata illar. Mai masassara kansa ba ya aiki daidai. Wanda ke lissafin maganin jariri mai kilo 2 yana buƙatar natsuwa fiye da mai ƙirga canji, don kuskuren sifili ɗaya ninki goma ne.

Amana biyu a wuya ɗaya

Likita yana ɗauke da amana biyu. Ta farko, kada ya yasar da mara lafiya. Ta biyu, kada ya cutar da shi. A ranar da yake lafiya ƙalau amanar biyu tafiyarsu ɗaya. Ranar da ya tashi da ciwo sai su raba hanya, ya rasa wadda zai bi.

A ganinmu, abin da zai warware wannan ƙulli sananne ne a kasuwa. Duk ɗan kasuwa na ƙwarai ya san cewa in kaya na da aibi, wajibi ne a faɗa wa mai saye. Wanda ya sa busasshen gero a saman tiya ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, ha'inci ya yi ko da farashinsa da sauƙi. Likitan da ya danne masassara da ƙwaya ya shiga ɗakin jarirai bai gaya wa kowa ba, niyyarsa mai kyau ce, amma ya yanke hukunci a madadin uwar da ba a tambaye ta ba. Shi zai sha yabo, haɗarin kuma yana kan ɗanta. Jarumtakar da mutum zai biya da jikinsa, wannan tasa ce. Wadda jaririn wani zai biya, sai an yi shawara.

Malamanmu na addini ma suna karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gwamutsa su da masu lafiya, kuma Sayyadina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba. Ba wanda ya ce musu matsorata.

Su kansu likitocin duniya sun fara gyara harshe. A watan Oktoba na 2017, ƙungiyar likitoci ta duniya ta yi wa rantsuwar kama aiki da ake kira sanarwar Janeba kwaskwarima, ta ƙara cewa likita zai kula da lafiyar kansa domin ya iya kula da ta wasu. A shekarar ce kuma hukumar da ke sa ido kan horar da likitoci a Amurka ta wajabta wa kowane asibitin koyarwa ya tanadi wanda zai maye gurbin ƙaramin likita in ba shi da lafiya, ba tare da ya ji tsoron abin da zai biyo baya ba. Sai kuma annobar korona ta 2020 ta zo ta tilasta wa duniya abin da ta daɗe tana kauce wa: mai tari da masassara ya zauna gida ko shi ne shugaban asibiti.

A nan gida lissafin ya fi wuya

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba za mu ɗauko dokar Amurka mu kifa a kan Nijar mu ce an gama ba. Ma'aunin da aka saba ambata shi ne likita 1 ga mutum 10,000. Mu kuwa likita 1 yana ɗauke da mutum fiye da 20,000, kuma yawancin ƙwararrun suna Yamai. Tun da aka shigo da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, tare da fiɗar haihuwa, layin asibiti ya ƙaru, abin farin ciki ne, amma hannuwan aiki ba su ƙaru daidai da shi ba. Idan damina ta yi nisa, daga Agusta zuwa Oktoba, masassarar cizon sauro da tamowa suka haɗu, an san yadda ɗakunan yara ke cika har a haɗa yara biyu ko uku a gado. Waɗanda suka ga yunwar 2005 a jihar Maraɗi, ko sanƙarau na 2015 da ya kama mutum fiye da 8,000 ya kashe fiye da 500, sun san ranar da ko rabin likita ba a iya rasawa.

Saboda haka gaskiya ce, akwai daren da likita mai ƴar mura ya fi babu likita. Matar da naƙuda ta tsaya mata cikin dare, kuma mai iya fiɗa ɗaya ne a garin, ba za a ce ta jira murarsa ta warke ba. Ya sa takunkumi, ya wanke hannu, ya ceci rai. Amma wannan hukuncin lalura ne. Abin tsoro shi ne a mai da lalura al'ada, har a wuraren da akwai likitoci goma da za su iya canjin juna in da an tsara.

Kuma ba kowane ciwo ne ke yaɗuwa daga mutum zuwa mutum ba. Masassarar cizon sauro ba ta bin numfashi ko hannu. Matsalarta ita ce ta raunana mai aikin. Amma wa zai tabbatar cewa ita ce in ba a auna jini ba? Likita shi ma bai kamata ya zama likitan kansa ba, ko da yake an ce wanzami ba ya son jarfa.

Ina iyakar take?

Masana yaƙi da cututtuka a asibiti sun daɗe da fitar da ƙa'idodi masu sauƙin riƙewa. Mai masassara da tari ko ciwon maƙogwaro ya nisanci marasa lafiya har sai ya yi aƙalla awa 24 babu masassara ba tare da ya sha maganin saukar da ita ba. Mai amai da gudawa ya dakata har ciwon ya tsaya, a irin mai saurin yaɗuwa ma ya ƙara kwana 2 a kai. Mai ciwon ido na apolo ya jira ruwan idon ya ƙafe. Mai tarin shiƙa sai ya yi kwana 5 yana shan magani. Wanda tari ya wuce masa mako 2 ya kai majinarsa a auna saboda tarin fuka, wanda maganinsa kyauta ne, wata 6 ake sha. Mai ƙuraje da masassara kuwa kada ma ya doshi ƙofar ɗakin yara, don ƙwayar ƙyanda tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka kusance shi 9 na iya kamuwa.

Wanda kuma ƴar mura ce kawai, babu masassara, yana iya aiki da takunkumi da yawan wanke hannu, amma a canza masa ɗaki. A ɗauke shi daga wajen bakwaini da masu tamowa a kai shi inda haɗarin ya fi sauƙi, ko ya riƙe rubuce-rubuce da amsa waya.

Babban abu dai, kada a bar wa ƙarami wannan hukunci shi kaɗai da asuba. Shi nasa ya faɗi gaskiya. Shugaban sashe ne zai ce zauna gida, kuma ya faɗa da bakin da yaron zai yarda cewa ba za a riƙe shi da abin ba ranar jarrabawa.

Adashen likitoci

Iyayenmu mata sun daɗe da gano maganin ranar babu: adashe. Kowa ya zuba, ranar da kwasarki ta zo ba ki roƙi kowa ba, haƙƙinki ne. Irin wannan tsari ne wasu asibitocin koyarwa ke yi. A cikin jadawalin wata, kowace rana akwai likita ɗaya na ko-ta-kwana, wanda ba shi da aiki mai nauyi, wayarsa a buɗe. In wani ya kwanta, shi za a kira. Kowa yana yin nasa zubin, don haka ranar da ciwo ya kama ka ba alfarma ka nema ba, kuma ba ka ci bashin kowa ba.

Wannan ba ya buƙatar sabon gini ko na'ura daga waje. Yana buƙatar shugaban da zai zauna da alƙalami tun farkon wata, don ba a fafe gora ranar tafiya. Muna kira ga ma'aikatar kiwon lafiya, da shugabannin jami'o'i da na asibitoci, da ƙungiyoyin likitoci, su duba abubuwa huɗu: jadawalin ko-ta-kwana a kowane sashe, rubutacciyar ƙa'ida cewa kwanakin ciwo na gaskiya ba za su taɓa makin ɗalibi ba, takunkumi da sabulu da ruwa a ƙofar kowane ɗaki, ba sai an yi annoba ba, da kuma rigakafi da awon lafiya ga duk mai shiga ɗakin jarirai, tun daga ɗalibi har farfesa. Su kuma manyan malamai, ranar da ɗayansu ya bugo waya ya ce yau ina masassara ba ni shigowa, ya koyar da darasin da ya fi na allo.

Namu kason

An ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna da hannu a ciki. Sau nawa aka ce mana likita ba ya nan ba shi da lafiya, muka fara gunaguni, muna cewa ƙarya ce ya tafi asibitinsa na kuɗi? Masu yin haka akwai su, ba mu musa ba, amma in duk wanda ya kwanta sai mun zarge shi, mu ne ke tura shi ya fito da ciwonsa ya zo kan ƴaƴanmu.

Sannan mu dubi yadda muke zuwa dubiya da barka. Mota guda za mu cika, da mai tari da mai mura da goyon da ke gudawa, mu zagaye gadon mai jego, jariri ya bi hannu goma kafin la'asar. Zumunci ibada ne, amma mai mura ta aika da saƙo da ɗan abin hannunta, ta zo bayan ta warke. Wadda za ta kwana da mara lafiya a zaɓi mai ƙoshin lafiya. Masu sayar da abinci da fura da ruwan ƙulli a ƙofar asibiti su ma wannan amana ta hau kansu, don abin da suka dama shi marasa lafiya ke sha. Ba mu manta da kwalarar 2021 ba, wadda ta kama mutum fiye da 5,000 a ƙasar nan, jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa na cikin inda ta yi ɓarna. Mai gudawa ta bar wa ɗiyarta ko ƙanwarta tukunya na kwana biyu, cinikin da za a rasa bai kai ran mutum ba.

Idan kuma kika ga wanda zai duba jaririnki yana tari ko yana share hanci, kina da damar magana, kuma ba sai da faɗa ba. Ki ce: «Sannu da aiki likita, na ga kamar mura na damunka, Allah ya sawwaƙe. Don Allah a taimaka a sa takunkumi saboda ɗan naka.» Likitan kirki ba zai ji haushi ba, wataƙila ma ya ji daɗi an lura cewa shi ma mutum ne. In ya ce zai turo wani a madadinsa, ki yi haƙuri da ɗan jiran, alheri ya yi miki.

Waɗannan matasa ƴaƴanmu ne. Da kuɗin ƙosai da na goro da na atamfa aka yi wa da yawansu karatu. Ba mu so su bar marasa lafiya, ba mu kuma so a matse su har su zama hanyar cuta ga waɗanda suka rantse za su kare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: hukuma ta tsara, malamai su ba da misali, ƙananan su faɗi gaskiya, mu kuma mu yi musu uzuri. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya kuma ƙara wa masu kula da su lafiya. Amin.